Kujera ta Goma Sha Biyu

Titin Pulaski, 2 ga Agusta

'Yata Rhonda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma sanyin Alaska bai fara leƙo ku ba tukuna. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da zan hau matakalar filin wasan ƙwallon baseball. Kunne kuwa yana nan yadda kika san shi. Likita ya sake kawo maganar na'urar ji, na ce masa shekara talatin da takwas na yi ina gyaran rubutu kusa da injin buga jarida, duk abin da ya kamata in ji a duniya na riga na karanta shi. Wayar gidan ma na sa an cire ta. Me zan yi da abin da zai yi ta kuka ba na ji?

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sun ba da Hector.

Shekaranjiya Lahadi, saura awa biyu a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, shugabannin ƙungiyarmu ta Maƙera suka miƙa Hector Villalba ga wata ƙungiya can yamma, suka karɓo yara biyu masu jifan ƙwallo waɗanda ko gemu ba su tsayar ba. Shekara goma sha huɗu mutumin nan yana tsugune bayan mai bugu yana cafe mana ƙwallo. Yatsunsa uku suka karye a filin nan, biyu a kan idona. Ladansa ke nan.

Jiya na je fili kamar kullum. Madam Odessa Tull, wadda ke zama a bayanmu a layi na goma, ta riga ni zuwa, da fuska kamar an yi mata rasuwa. Ta sa bakinta a kunnena ta ce, "Leon, sun miƙa wuya ke nan. Rufe littafin nan naka ka je ka shuka tumatir."

Na ce, "Odessa, wasa bakwai ne kawai tsakaninmu da 'Yan Kogi da ke saman rukuni, ga wata biyu a gaba."

Ta ce, "Wasa bakwai da waɗannan 'yan nonon? Ɗaya daga cikinsu jikana ya girme shi. In muka ga wasannin neman kofi na Oktoba bana, zan cinye hular nan tawa ba gishiri."

Aka cinye mu biyar da ɗaya, na rubuta komai a littafina, jifa bayan jifa, yadda na saba. Da na zo gurbin mai cafe ƙwallo sai hannuna ya rubuta Villalba da kansa. Sai da na goge.

Kujeru biyun suna nan, ta sha ɗaya da ta sha biyu. Tun rasuwar matata Irene, a kan tata nake ajiye kwat da gyaɗa.

Ki faɗa mini ra'ayinki. Ke ce mai kan lissafi a gidanmu.

Kawunki,
Leon


Nome, 10 ga Agusta

Kawu,

Na sami wasiƙarka jiya, na gode. Ina lafiya. Kifi ya yi yawa bana, maƙwabciyata ta cika mini firji har ba ni da wurin ajiye madara. Aiki kuma yana nan: mu uku ne a jaridar, ni ce edita, ni ce mai ɗaukar hoto, ranar Laraba kuma ni ce mai ɗaure ƙunshin jaridu. Ka riƙa bin matakalar nan a hankali, don Allah, kuma ka riƙe ƙarfen gefe ko da Madam Odessa na kallonka.

Ka nemi ra'ayina, to ga shi, kada ka ji haushi. Musayar nan daidai ce.

Hector shekararsa talatin da bakwai. Bana, cikin duk bugu goma da ya tsaya yi, biyu ne kawai ke zama wani abu. Masu satar tasha kuwa, masu sulalewa da gudu zuwa tasha ta gaba, sun raina hannunsa, cikin goma takwas ke tsira. Ka duba littattafanka na bara da na bana, lambobin suna ciki da rubutun hannunka. Kwantiraginsa zai ƙare a Oktoba, da ya tafi a banza. Yanzu an samo yara biyu a madadinsa. Na bi tarihinsu. Ƙaramin ban san inda zai kai ba, amma Dwayne Purcell ka sa masa ido. Shekararsa ashirin da biyu, a ƙaramar ƙungiyar da ya fito ya fitar da masu bugu ɗari da arba'in, kuma ba ya raba wa masu bugu tasha kyauta da baƙin jifa. Abin da ya hana mu Oktoba duk shekarun nan ba mai cafewa ba ne, masu jifa ne. Kai ka koya mini haka tun ina 'yar shekara sha ɗaya, shekarar da Mama ta rasu kuka ɗauke ni, kana nuna mini yadda ake riƙe fensir a fili.

Na san za ka ce lissafi ba ya ganin komai. Na yarda. Amma kai ne fa mutumin da ya bar mu kwana tara muna lalube a duhun baranda, saboda ƙwan lantarki ya mutu ranar da Maƙera suka fara cin wasa a jere, kai da Anti Irene kuka ce ba mai taɓa shi sai an cinye su. Har yau tabon nan yana ƙaurina. Saboda haka kowa ya riƙe iliminsa.

Ba na ce mun kama hanyar kofi ba. Cewa na yi ƙofa ba ta rufe ba. In Purcell ya ci mana wasa huɗu ko biyar, 'Yan Kogi kuma suka yi tuntuɓe kamar yadda suka saba a Satumba, za a iya ganin abin mamaki. Ka ce wa Madam Odessa ta tanadi gishiri.

Hector kuma an kai shi ƙungiyar da ke saman rukuninta. Wataƙila tafiyar ta fi masa zaman. Ba duk wanda ya bar gida ne ya yi asara ba.

'Yarka,
Rhonda


Titin Pulaski, 18 ga Agusta

Rhonda,

Gaisuwa. Na ji daɗi kina lafiya. Gwiwa da sauƙi. An yi ruwa kwana biyu, an ɗage wasa ɗaya, na samu na gyara magudanar bayan gida.

Na karanta lambobinki sau biyu, har na ɗauko littattafan na gwada. Ba kuskure ko ɗaya. Da a teburina aka kawo wasiƙar nan da na sa mata hannu ta wuce.

Amma ga abin da ba ya cikinta. Kin san Irene ta yi shekaru tana saƙa wa 'ya'yan Hector hulunan sanyi, tana miƙa masa ta saman katanga kafin a fara wasa. Ranar jana'izarta, ana zubar da ƙanƙara kamar ba gobe, na waiwaya a coci sai na hango shi tsaye can baya, hularsa a hannu. Ba danginmu ba ne. Ba wanda ya aika masa. A jarida ya gani, ya tuƙo mota awa uku ya zo. Ki nemo mini shafin lissafin da ake rubuta irin wannan.

Kin ce kwantiraginsa zai ƙare. Wasu a nan suna ta cewa ai sai ya dawo baɗi, ya zama mai koyarwa. Ni ban sa rai ba. Wasan nan namu ba kamar sauran wasanni ba ne da ake fita a sha ruwa a komo. Wanda aka fitar daga fili ya fita ke nan, doka ba ta bar shi ya dawo ba. Da na ja layi a kan suna, na ja.

Purcell ɗinki ya yi jifansa na farko ranar Talata. Dogo ne siriri kamar sandar tuta, kunnuwansa ne ke riƙe masa hula. Zango huɗu na farko, cikin tara da ake yi a wasa, ba wanda ya taɓa ƙwallonsa, har fili ya fara tashi. A na biyar aka tsallakar masa da ƙwallo biyu bayan katanga, ya tsaya yana kallon sama kamar mai jiran jirgi.

Odessa ta doke ni a kafaɗa ta ce, "Ga jarumin 'yarka nan, a kawo masa madara!"

Na ce, "Yaro ne, zai koya."

Ta ce, "Au, yau kai ne lauyansa? Shekaranjiya fa cewa ka yi ko dankali ba za ka ba shi ya jefa a tukunya ba."

Gaskiyarta, na faɗa. Yanzu wasa takwas ne tsakaninmu da 'Yan Kogi. Masu bugunmu sun yi sanyi, mai tsaron tasha ta biyu yana ɗingishi, mai horarwa kuma yana canza jerin 'yan wasa kullum kamar mai neman makullinsa a aljihu. In kina ganin ƙofa a nan, idonki ya fi nawa.

Kawunki,
Leon


Nome, 26 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka, da fatan gwiwa ta ci gaba da sauƙi. Ni lafiya. Dare ya fara dawo mana bayan watannin da duhu ba ya shiga a nan, jiya na ga tauraro karo na farko tun watan Mayu.

Na gane abin da wasiƙarka ke cewa, kuma ba zan yi kamar ban gane ba. Hector ya zo jana'izar Anti Irene, ni da ta raina ban zo ba. Shekara biyu da rabi ke nan muna rubuta wa juna labarin masu jifa da masu bugu muna kewaye wannan magana. Bari in faɗe ta yau.

Na ce maka guguwa ce ta rufe filin jirgi kwana huɗu. Gaskiya ne, amma rabinta ne. A rana ta biyar na tashi, na isa Anchorage, inda ake canza jirgi, washegarin da aka binne ta. Jirgin gida yana tsaye, tikiti yana hannuna. Na tuna ta rubuto mini tun Disamba cewa jikin ya ƙi, na ce mata sai bazara, aiki ya yi yawa. Sai na kasa tunanin yadda zan shiga gidan nan in dube ka. Na zauna har jirgin ya tashi, na komo nan. Ba guguwa ba ce, kunya ce. Ba ni da wani uzuri bayan wannan.

Ga dalilin da ya sa nake faɗa yanzu. Tsohuwar jaridarka ta rubuto mini. Suna neman mataimakiyar editan labaran gari, kuma sun ce ni suke so. Aikin ya fi wanda nake yi, ba shakka. Amma ba don aiki zan bar nan ba, ina da mutane a nan, ina da kwanciyar hankali. In zan dawo, don kai zan dawo. In kuwa zan zo garin ne mu riƙa haɗuwa a coci muna ɗaga wa juna hannu daga nesa, gara in zauna inda nake, ko ba komai wasiƙu suna tafiya.

Ka ce wanda ya fita daga fili ba ya dawowa, kuma da ka ja layi ka ja. Ban sani ba ko Hector kaɗai kake nufi. Shi ya sa zan yi tambayar a fili, yadda ka koya mini a yi wa mai mulki: Kawu, in na dawo, zan iya zama a kujera ta goma sha biyu?

Ko a ce i, ko a ce a'a, zan karɓa. Ka dai rubuto.

Rhonda


Nome, 8 ga Satumba

Kawu,

Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Na je gidan waya sau huɗu a makon nan, har ma'aikaciyar ta fara girgiza mini kai tun daga ƙofa.

Na san ba jinya kake ba. Wata abokiyar aikina ta dā ta ce ta hango ka a fili ranar Lahadi, cikin kwat ɗinka mai ruwan toka duk da zafin da ake yi, kana ta rubutu. Na ji daɗin wannan.

Sakamako yana zuwa mana ofis kowace safiya. Wasa shida a jere! Purcell ya hana 'Yan Kogi ci ko ɗaya har zango takwas. Saura wasa huɗu mu kamo su. A dā, in Maƙera suka ci uku a jere, shafi huɗu kake aiko mini, har da zanen inda kowace ƙwallo ta faɗi. Yanzu sun ci shida, ban ga ko layi ba. Ni 'yar jarida ce, na san shiru ma labari ne.

Editan can ya sake rubutowa. Yana son amsata zuwa ranar Juma'a, 23 ga wata, in ba haka ba zai ba wani. Ba matsa maka nake ba. Ina so dai ka san ranar.

Rhonda


(Katin gidan waya, da hoton karnuka na jan keken ƙanƙara)

Nome, 13 ga Satumba

Kawu, na fahimta, kuma ban ga laifinka ba. Ranar Juma'a 23 ga wata zan gaya wa editan ya ba wani aikin. Zan ci gaba da rubuto maka labarin wasa in kana so. Goma a jere, ka gaishe da Madam Odessa. R.


Titin Pulaski, 19 ga Satumba, da safe

'Yata Rhonda,

Lafiyata ƙalau. Hankalina ne ke da ciwo, kuma za ki gani yanzu.

Wasiƙarki ta ashirin da shida ga Agusta ta iso ranar ɗaya ga wata. Washegari da safe na rubuta amsa, na manna kan sarki, na sa ta a aljihun ciki na kwat don in jefa a akwatin da ke bakin fili. Motar haya ta makara, na shiga ana taken ƙasa, na manta. Ranar muka ci uku da biyu, a zango na tara, da bugun wani yaro da bai taɓa tsallakar da ƙwallo ba a rayuwarsa. Da na dawo gida na ji takarda a ƙirjina. Na ce gobe.

Gobe muka ci bakwai da ɗaya. Na tsaya gaban akwatin nan da wasiƙa a hannu, sai na mayar da ita aljihu. Na ce bari dai a cinye mu tukuna, ai ba za a daɗe ba, Maƙera ne.

Rhonda, ba a cinye mu ba. Goma sha biyar ke nan jiya. Kwat ɗin nan ban cire shi ba ranar wasa, ko a fili ko a shagon Benny inda nake kallon na waje a talabijin. Ana zafi mutane na fifita da jarida, ni ina cikin ulu. Wasiƙarki ta biyu ta zo, na sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari ban buɗe ba, don na san in na buɗe dole in amsa. A raina cewa nake yi ai ta san amsar, yarinyar da na raina. Ban san akwai ranar da aka yanka miki ba.

Sai shekaranjiya Asabar katinki ya zo. Kati ba shi da ambulan. Kafin in kawar da ido na riga na karanta.

Gidan waya ya riga ya rufe. Jiya a fili na gaya wa Odessa komai. Ta dafe kai ta ce, "Yanzu duk wannan abin a aljihunka yake? Leon, saura wasa ɗaya mu kamo su! Ba ni sunan jaridarta in kira ta a waya in gaya mata, takardar ta zauna inda take."

Na ce, "Yarinyar da na yi wa shiru kwana goma sha bakwai ba za ta ji amsata a bakin maƙwabciya ba."

Ta mayar da ido kan fili har aka fitar da mutum biyu. Sannan ta sunkuyo ta ce, "Shekara ashirin da ɗaya nake jiran Oktoba, tsohon banza. Je ka aika. Da Irene na nan da tuni ta ƙwace ta ta jefa da kanta."

Ban tabbata ba. Irene ce ta hana a canza ƙwan lantarkin nan, ba ni ba.

Yanzu zan tafi gidan waya. Sun ce akwai aike na gaggawa, kwana uku, zai same ki Alhamis. Ga wasiƙar nan a ciki yadda take, ban sake ko waƙafi ba. Tabon da ke gefenta na mastad ɗin da ake shafa wa burodi ne, daga wasa na tara.

Maganar jana'izar kuwa, Hector nake ba ki labari. Amma na sake karanta abin da na rubuta a zuciyata, na ga inda ya soke ki, kuma ba zan rantse cewa hannuna bai san abin da yake yi ba. Ki yafe mini wancan, da wannan.

Kawunki,
Leon


(Wasiƙar da ke ciki)

Titin Pulaski, 2 ga Satumba

Rhonda,

Dokar da na faɗa miki ta wasa ɗaya ce. Washegari sabon shafi ake buɗewa, a sake rubuta sunaye daga sama. Ke da kika cika littafi shida da hannunki bai kamata a tuna miki ba.

Irene ba ta riƙe ki ba. A makonta na ƙarshe cewa ta yi kada in bari ki hau ƙaramin jirgi cikin guguwa saboda ita. Ni ne na riƙe ki, kuma na gaji.

Kujerar taki ce. Kwat da gyaɗa za su koma cinyata. Ki karɓi aikin.

Leon


Nome, 25 ga Satumba

Kawu,

Ina lafiya, kuma ina gaishe ka da kwat ɗinka, in har ba a ƙone shi ba.

Aikenka na gaggawa ya iso jiya Asabar. Hazo ya hana jirgin wasiƙu sauka kwana biyu. Wato ya zo kwana ɗaya bayan ranar da aka yanka mini. Kada gabanka ya faɗi, karanta gaba.

Ranar Alhamis da safe na rubuta wa editan takardar haƙuri, na ajiye a gefe don in karanta masa ta waya washegari. Sai na koma haɗa shafin wasanni. Na ce bari in jera wasanni goma sha biyar ɗin nan da ranakunsu a ɗan akwati, ko mutum uku da ke bin Maƙera a garin nan za su ji daɗi. Na rubuta na farko: 2 ga Satumba. Na tsaya. Wasiƙa daga nan zuwa gare ka kwana shida take yi. Na ƙirga, wasiƙar tambayata ta faɗa ɗaya ga wata, kwana ɗaya kafin a fara ci. Sai na tuna mutumin da aka gani cikin ulu ana zafi. Sai ƙaurina ya yi mini ƙaiƙayi daidai wurin tabon nan.

Na duba ƙarshen jerin. An cinye mu ranar Litinin 19 ga wata, tara da biyu, ranar farko da gidan waya ke buɗe bayan isar katina. Na ce to, Kawu ya taɓa abin da ba a taɓawa. Kuma mutumin da amsarsa a'a ce ba zai ɓata wasa goma sha biyar don ya faɗi abin da shirunsa ya riga ya faɗa ba.

Ka ga 'yar lissafinka. Duk karatuna, a kan wannan na yanke shawarar rayuwata. Ranar Juma'a na kira editan na ce ina zuwa. Ya tambaye ni me ya sa na daɗe, na ce ina jiran sakamakon wasa ne. Ya yi dariya, yana tsammani wasa nake.

Jiya na karanta wasiƙun biyu a tsaye a gidan waya. Ma'aikaciyar ta miƙo mini hankici. Na gode da abin da ka faɗa mini game da Anti. Ban sani ba, kuma na daɗe ina buƙatar sani.

Amma Kawu, tsakani da Allah, me ya sa ka aika ranar Litinin da safe? Gidan waya ba ya rufewa sai biyar, ina laifin ka aika Talata, ko ka bar Madam Odessa ta kira ni? Purcell ne fa zai yi jifa ran nan! Tun daga lokacin mun ci uku an cinye mu uku, saura wasa biyu tsakani, mako ɗaya ya rage. In abin ya ƙi, ban san da wace fuska zan dubi layi na goma ba.

Zan gama aiki a nan ƙarshen Oktoba. Zan taho da kifi.

'Yarka,
Rhonda


Titin Pulaski, 4 ga Oktoba

'Yata,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau uku, sau ɗaya da ƙarfi don Odessa, ko da yake ta ce duk unguwa ta ji.

Kin ga sakamako. Da wasa ɗaya suka fi mu. Mun ci na ƙarshe huɗu da ba ko ɗaya, muka zauna a kujerunmu muna kallon allo, har aka ɗora cewa 'Yan Kogi ma sun ci nasu. Ba wanda ya yi ihu. Mutane suka tafa wa yaran, suka tattara kayansu. Na rufe littafi, na sa kwanan wata.

Purcell ya ci wasa biyar a wata guda. Yaron ya iya jifa. Na rubuta haka a bangon littafi, da fensir dai, don ana iya gogewa. In suka samo mai bugu ɗaya na hagu kafin bazara, suka kuma bar mai horarwa ya nemo makullinsa a wani gari, baɗi za a yi magana. Ƙungiyar Hector ta shiga wasannin Oktoba. Zan kalle shi a shagon Benny. A nan ma kin yi gaskiya, kada ki saba.

Odessa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ranar ƙarshe, muna saukowa matakala, ta riƙe mini hannu saboda gwiwa, ta ce, "Ka gaya wa 'yar nan taka Oktoba guda ta cinye mini. Ta zo ranar buɗe fili baɗi da wuri, kuma ita ce mai sayen gyaɗa har Yuli." Ta kuma ce ki gode wa Allah, kin cece ta daga cin hula.

Na kai kwat wanki. Mai wankin ya ɗaga shi da yatsa biyu ya tambaye ni ko wani ya mutu a ciki.

Ki rubuto mini ranar da jirginki zai sauka da lokacinsa. Ɗakinki yana nan, ki zauna har ki sami wuri, ko kada ki nema. Na sayo littafi sabo na baɗi da fensir biyu.

Ƙwan lantarkin baranda ya mutu tun biyar ga Satumba. Jiya na canza shi, kada ki yi tuntuɓe da akwatinki.

Kawunki,
Leon